Hula da Sabon Dashen Gashi

Idan mutum ya tambayi asibitoci uku masu dashen gashi ranar da zai iya mayar da hularsa bayan an yi masa aiki, da wuya ya samu amsa iri ɗaya. Wani zai ce bayan kwana uku, wani ya ce sai kwana goma, wani kuma ya ce a haƙura har wata guda. Akwai ma waɗanda tun a ranar aikin za su miƙa maka hula da hannunsu, su ce da ita za ka koma masauki. Wanda ya zuba kuɗinsa, ya kwanta awa shida ko takwas ana huda masa fatar kai, dole wannan saɓani ya ɗaure masa kai. In aka bi diddigi kuwa, likitocin duk sun san aikinsu. Kowannensu dai da irin hular da yake nufi, da irin haɗarin da ya fi jin tsoro. Don haka kafin a fara ƙirga kwanaki, gara a san abin da ke riƙe da gashin da aka dasa a kowane mataki, da abin da zai iya tsige shi. Wanda ya gane wannan zai iya duban kowace hula ya yanke mata hukunci da kansa.

Sanƙon gado, wanda shi ne ya fi kai maza asibitin dashe, yana faruwa ne saboda wani sinadarin jikin namiji da ake kira DHT, wanda ke ƙanƙantar da tushen gashin goshi da na tsakar ka har su daina fitar da gashin kirki. Gashin ƙeya da na gefen kunnuwa galibi ba ya jin wannan sinadari, shi ya sa za ka ga dattijo tsakar kansa tas amma ƙeyarsa cike. Wani likitan fata a New York, Norman Orentreich, ya wallafa a 1959 cewa gashin da aka ɗauko daga ƙeya yana riƙe halinsa na asali ko ina aka kai shi, kuma a kan wannan aka gina sana'ar baki ɗaya. Tun kafin shi, a 1939, wani likitan Japan mai suna Shoji Okuda ya yi bayanin dashen gashi, sai dai aikinsa bai yaɗu zuwa ƙasashen Yamma ba a lokacin.

A yau hanya biyu ake bi. A ta farko, wadda ake ce wa FUT, akan yanko siririyar fata daga ƙeya, a ɗinke wurin, sannan a rarraba fatar zuwa ƙananan dashe. A ta biyu, FUE, wadda ta fi yaɗuwa yanzu, akan yi amfani da ɗan bututun ƙarfe da faɗinsa bai wuce milimita ɗaya ba, a riƙa ciro tushen ɗaya bayan ɗaya. Kowane dashe yana ɗauke da silin gashi ɗaya zuwa huɗu, kuma a zama guda ana iya dasa 2,000 zuwa 4,000. Ko ta wace hanya aka bi, ƙarshen aikin iri ɗaya ne: a yi 'yan mitsi-mitsin tsaga a inda sanƙon yake, a cusa kowane dashe a cikin tasa tsagar. Ba a ɗinke shi, ba a manne shi da komai.

Abin da ke riƙe shi a farko daskararren jini ne kawai, wato zaren da jini ke saƙawa idan ya daskare a bakin rauni. A kwana biyu zuwa uku na farko dashen ba shi da jijiyar jini tasa, ruwan jikin da ke kewaye da shi yake tsotsa. Daga nan sai ƙananan jijiyoyi su fara shigarsa, nama ya fara kama nama. Duk wanda ya taɓa dashen tumatir a fadama ya san yadda abin yake: ranar da ka dasa, ko gefen rigarka ya shafe shi sai ya kwanta, amma bayan mako guda da ban ruwa sai ka sa ƙarfi kafin ka tuge shi.

Akwai binciken da ya auna wannan da kwanaki. Likitoci biyu na Amurka, Robert Bernstein da William Rassman, sun wallafa shi a 2006 a mujallar Dermatologic Surgery. Abin da suka yi shi ne jan dashen a hankali a ranaku daban-daban bayan aiki, su ga ko zai fito. A kwana biyun farko, duk silin da aka ja sai ya taho da tushensa. Zuwa kwana na shida, jan silin ba ya ƙara tsige tushen. Amma abin da ya fi shafar mai hula shi ne ɓawon da ke daskarewa a bakin kowace tsaga: in aka ɓamɓare ɓawon da ya manne, yana iya tahowa da dashen har bayan kwanakin da jan silin kansa ya daina yin illa. Sai a kwana na tara suka ga dashen ya zauna daram, ba ya fita ta kowace hanya. Kwana goman da asibitoci da yawa ke faɗa, mai yiwuwa wannan taran ce aka ƙara mata ɗaya don kandagarki. Hukumar lafiya ta Ingila, NHS, ta ma fi ja da baya, tana cewa a yi kaffa-kaffa da wurin har mako biyu.

Ke nan ɓawon nan shi ne mariƙin da hula ke kamawa. A kwanakin farko wurin yakan riƙa tsattsafo da ɗan ruwa-ruwa mai haɗe da jini. In yadi ya kwanta a kansa na awa biyu ko uku, ruwan zai jiƙa zaren ya bushe tare da shi. Lokacin da ake sanye da hular ba abin da za a gani. Sai an zo cirewa. Mutum ya kama ta da hannu ɗaya ya zare ta baya kamar yadda ya saba, ya juya cikinta, ya ga 'yan ɗige-ɗige baƙaƙe manne da shafin ciki, wani da ɗan farin nama kamar ƙwayar shinkafa a gindinsa, sannan ya ji wani siririn jini na gangarowa goshi. Wannan dashen ya tafi ke nan, kuma ba ya dawowa, domin inda aka ciro shi a ƙeya ma ba zai sake tsiro ba. Gashin ƙeya ƙididdigagge ne. Abin da aka ɗiba an ɗiba.

Abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne rashin ji a fatar kai. Huda dubbai da aka yi sukan yanke ƙananan jijiyoyin ji, sai tsakar kai ta zama kamar ba ta mutum ba na makonni, wani lokaci har watanni. Mutum zai rantse hular ba ta taɓa wurin, alhali tana gugarsa da kowane taku. Don haka a wannan lokaci ji ba abin dogaro ba ne. Madubi ne shaida, ko idon wanda ke tare da kai.

Hular da asibitoci ke bayarwa tun ranar farko irin mai zurfin nan ce mai baki kewaye, kamar ta masu kamun kifi, kuma sukan ba da wadda ta fi kan mutum girma da gangan. Bakinta ne ke zama a ƙasa, kan goshi da saman kunnuwa, cikinta kuma ya bar sarari sama da dashen. Yadda ake sa ta ma darasi ne. Da hannu biyu ake riƙe ta, a buɗa bakinta, a fara aza gaban a kan goshi ƙasa da layin da aka dasa, sannan a sauke bayan a hankali ba tare da an danna tsakiya ba. Wajen cirewa sai a ɗaga ta sama sak, ba a ja gaba ko baya. Da an shiga ɗaki kuma sai a ajiye ta. Ta fita ce ta dole, daga asibiti zuwa masauki, daga masauki zuwa filin jirgi.

Tafiyar nan ita ce ainihin dalilin da ya sa ake ba da ita. Istanbul ta zama babbar kasuwar dashen gashi ta duniya saboda sauƙin farashinta in aka kwatanta da Turai da Amurka, kuma duk wanda ya ratsa filin jirginta ya ga jerin maza da baƙin maɗauri a goshi, ƙeya da bandeji, tsakar ka ja-ja-wur. Maɗaurin goshin aikinsa hana kumburi gangarowa zuwa idanu, ba ya taɓa dashen. Yawancin waɗannan mutane suna hawa jirgi kwana biyu ko uku bayan aiki, daidai lokacin da dashen ya fi rauni. Wanda zai dawo Abuja ko Legas zai yi awa shida zuwa bakwai a kujera, ga barci, ga jingina kai, ga ma'ajiyar jakunkuna da ke saman kai tana jiran wanda zai miƙe da garaje. A irin wannan hali hula mai yalwa ta fi babu. Likitan da ke cewa kada a sa komai har kwana goma, majinyacin da ke zaune a gida yake tunani. Wanda ke miƙa hula a ranar farko, matafiyi yake tunani.

A nan ne batun ya zo gida. A ƙasashe da yawa hula ado ce ko maganin sanyi, mutum zai iya shekara bai sa ba. A wurinmu magidanci ya fito ɗaurin aure ko masallacin Juma'a da babbar riga kai ba hula, sai an tambaye shi ko lafiya. Kuma hulunanmu kusan duka an yi su ne don su kama kai. Zanna ko dara, ana auna su da inci, in ta yi yawa kaɗan a ce ba taka ba ce. Bakinta na zama ne daidai inda gashin goshi ke farawa, ya zagaya ta kan ƙeya, wato ta bi ta kan wurin da aka dasa da wurin da aka ciro a lokaci guda. In ta dawo daga wurin masu wankin hula da sitacinta a ƙame, bakin nan ba shi da sassauci ko kaɗan. Ga kuma ɗabi'ar hannu: mai hula yana gyara ta sau da yawa a yini ba tare da ya sani ba, ya tura ta gaba, ya karkata ta, ya ɗaga ya share gumi ya mayar. Farar hular saƙa mai laushi, wadda wani zai ɗauka ta fi sauƙi, ita ta fi muni a makon farko, domin kwanciya take luf a kan fata, ramukan saƙarta kuma suna kama ɓawo ɗaya-ɗaya. A ganina babu hular gargajiya da ta dace da kai kafin mako biyu su cika kuma ɓawon ya gama zuba. Abu ɗaya cikin kayanmu da ya yi kusa da abin da likita ke nema shi ne malafa mai zurfi, in an tabbatar cikinta ba ya gugar tsakar ka, domin kabar tana da kaushi. Lema kuwa ta fi su duka, tunda ba ta taɓa kai sam.

Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce yawancin masu gaggawar mayar da hula ba rana suke gudu ba, idon mutane suke gudu. Mutum ba ya so a san ya je an dasa masa gashi, kada abokai su samu abin tsokana. Sai kunya ta sa ya danna hula a kwana na huɗu ya tafi ofis, ya lalata abin da ya je nema. Ɗan ƙwallon Ingila Wayne Rooney, da aka yi masa dashe a 2011 yana ɗan shekara 25, da kansa ya sanar a Twitter, ya huta da ɓoye-ɓoye. Ba kowa zai iya haka ba. Amma wanda ba zai iya ba, hutun mako biyu daga aiki ya fi masa arha a kan hula.

Ƙeya ma tana da nata haƙƙi, ko da yake hankali ya fi karkata ga gaba. Wanda aka yi wa FUT yana da ɗinki da ake warewa bayan kwana 10 zuwa 14, kuma bakin hula a kansa yake zama. Mai FUE yana da ƙananan ramuka dubbai da ke rufewa cikin kamar mako guda. Ga baƙar fata akwai ƙarin dalilin taka-tsantsan. Gashinmu a murɗe yake har cikin fata, shi ya sa ciro shi ya fi wuya, wasu likitoci ma sukan yi amfani da bututu mai ɗan faɗi. Kuma baƙar fata ta fi saurin yin tabon nan mai tasowa ya yi tudu, da ƙurajen ƙeya masu tauri da wasu ke fama da su bayan aski. Guga da matsi a kan raunin da bai warke ba ba sa taimakon irin wannan fata. Wanda ya san jikinsa na yin irin wannan tabo, wajibi ne ya faɗa wa likita tun kafin a taɓa shi.

Ba hula kaɗai ke bi ta kai ba. Kaftani, jallabiya, babbar riga, singileti, duk ta wuya ake zura su. Asibitoci kan ce a zo da riga mai maɓalli a gaba, a kuma ci gaba da sa irinta kwana goman farko. Sai ƙofar mota, wadda ta ci dashen mutane da yawa: kan da ba ya ji ba ya sanin ya kusa ƙarfe.

Alwala da salla ma sai an yi musu tanadi. Shafar kai da jiƙaƙƙen hannu daga goshi zuwa ƙeya ita ce ainihin gugar da ake hanawa a kwanakin farko, kuma likitoci kan hana sunkuyar da kai ƙasa na 'yan kwanaki saboda kumburi da tsattsafar jini. Fiƙihu bai bar majinyaci a matse ba, akwai babin shafa a kan abin da aka ɗaure rauni da shi, akwai kuma salla da nuni ga wanda sujada za ta cutar. Abin da ya dace shi ne mutum ya ji iyakar da likitansa ya sa, ya kai wa malaminsa tun kafin ranar aiki, kada ya tsaya yin fatawa da kansa a ɗakin otal.

Bayan mako biyu sai lissafi ya juya, hular da ake gudu ta zama abin nema. Sabuwar fata ba ta jure rana, kuma tunda wurin bai dawo da ji ba, tana iya ƙonewa mai ita bai sani ba. A baƙar fata, wurin da ya yi rauni ya kuma sha rana yakan yi duhu fiye da kewayensa, ya daɗe bai washe ba. Shi ya sa akan ce a kare kai daga rana mai zafi har wajen wata uku. Mai zama a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan, haka ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina. Sharaɗin dai hular ta kasance mai yalwa, ta auduga, mai tsabta. Gumi da maiƙon da ke taruwa a cikin hular da aka yi mako ana sawa suna iya tayar da ƙuraje a bakin tushen gashi. Fatar kai tana da wadatar jini, don haka ba kasafai take ruɓewa ba, amma mai ciwon sukari da mai shan taba rauninsu ya fi jinkirin warkewa, su ne ya kamata su fi kowa ƙara kwanaki. Wanda zai koma zanna, ya fara da wadda ta ɗara kansa kaɗan, marar sitaci, ya riƙa cire ta da ya samu inuwa.

Hular kwano ita ce ta ƙarshe a layi. Tana da nauyi, tana matsewa, tana tara zafi, kuma ba a sa ta ko cire ta ba tare da ta goge kai ba. Yawancin asibitoci suna cewa wata ɗaya zuwa mako shida, wasu fiye. Maganin wannan ba hawa babur kai tsirara ba ne, ajiye babur ɗin ne. Ma'aikacin gini, soja da ɗan sanda, waɗanda hula ke cikin kayan aikinsu, su nemi takardar likita tun da wuri. Rawani ma yana nan kusa, saboda naɗinsa ja ne da matsi a kan hular da ke ƙarƙashi.

Mata ma ana yi musu dashe, sau da yawa a gaban goshi da gefe, inda kitso mai tsauri na shekaru ya cinye gashin. Nasu ya fi wuya, domin ɗaurin ɗankwali a kan wannan layi yake bi, haka robar hijabi da 'yar hular da ake sawa a ciki. Abin da ya fi sauƙin haɗari a kwanakin farko shi ne zama a gida, in kuma fita ta kama, mayafi mai santsi da aka yafa sakwa-sakwa ba ɗauri. Leshi da duk yadi mai raga suna kama ɓawo. Kuma in an warke aka koma wa kitson da ya jawo matsalar, gashin da aka dasa ma zai bi na farko.

Akwai wani tashin hankali da ke jiran kusan kowa tsakanin mako na biyu da na takwas. Mutum zai cire hula ya ga cikinta cike da gajerun gashi, ya ce shi ke nan, hula ta cinye masa dashe. Ba ita ba ce. Silin da aka dasa yakan zube da kansa, tushen kuma yana nan a ciki yana hutawa. Sabon tsiro kan fara leƙowa daga wata na uku ko na huɗu, cikakken sakamako kuma sai an shekara, wani har wata 18. Alamar dashen da ya fita da gaske jini ne a take, kuma a kwanakin farko yake faruwa. Zancen da ake yi cewa hula na hana gashi shan iska, ko ita ke kawo sanƙo, ba shi da tushe. Tushen gashi daga jini yake samun iskarsa, kuma masu sanƙo suna nan birjik a ƙasashen da ba a sa hula.

Abin da ke bukatar likita da gaggawa daban ne: zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, mugunya, wari, zazzaɓi, jinin da ya ƙi tsayawa bayan an danna a hankali da auduga mai tsabta, ko wani yanki na fatar da ya yi baƙi ƙirin. Ƙungiyar likitocin dashen gashi ta duniya, ISHRS, ta daɗe tana gargaɗi a kan wuraren da waɗanda ba likitoci ba ke yin aikin, kuma illar irin waɗannan wurare takan bayyana ne bayan an dawo gida, lokacin da ba mai ɗaga waya. Kafin a biya kuɗi, a tambayi wanda zai duba hoton kan a kwana na biyar da na goma, a kuma san likitan fatar da za a gani a gida in wani abu ya taso.

Mafi yawan wannan wahala tun wajen zaɓen rana ake kauce mata. Kada a sa aiki saura mako guda Salla, ko ana gab da ɗaurin auren ɗa ko ƙane, inda ba yadda za a yi mutum ya tsaya karɓar baƙi kai a buɗe. Wanda ke da niyyar Umara ko Hajji ya fi kowa bukatar lissafi, domin namiji mai harami ba ya rufe kai, ga ranar Makka, sannan ga aski ko saisaye a ƙarshe, alhali likitoci kan hana aza reza a wurin da aka dasa har sai an yi watanni. Irin wannan mutum ko dai ya yi dashen bayan ya dawo, ko ya bar tazarar rabin shekara tsakaninsa da tafiya.